Fargabar Hamajoɗa Tafinta

A shekarun farko na samun 'yancin kai akwai wani asibiti a Jimeta da likitocinsa duk baƙi ne, ba su jin Hausa, ba su jin Fillanci. Duk wanda ya je can, in dai ba ya jin Turanci, ta bakin Hamajoɗa likita ke jin ciwonsa. Shi ne tafinta. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, kullum cikin farin kaki. Yakan tsaya a hagun likita, hannuwansa a baya, mai ciwo ya faɗi abin da ke damunsa, shi kuma ya juya. An san shi da abu ɗaya: ba ya ƙari, ba ya ragi. In tsohuwa ta ce wani abu na yawo a cikinta kamar ƙadangare, haka zai faɗa wa likita, da ƙadangaren da komai. In mace ta zo da maganar da ke da nauyin faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa har ta gama.

Asalinsa ɗan cikin garin Yola ne. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar, sai ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Bobboyi, ya ɗauke shi zuwa Girei, a tsallaken kogin Binuwai. Kawu Bobboyi da matarsa, wadda kowa ke kira Gogo, Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka Hamajoɗa ya tashi a matsayin ɗansu tilo. Su suka sa shi makarantar boko a lokacin da maƙwabta ke ɓoye nasu 'ya'yan, su suka yi masa aure da Zulaihatu. Da ya samu aiki ya kama gida a unguwar Luggere ta Jimeta, bai taɓa barin Lahadi biyu ta wuce bai haye ya gaishe su ba.

Abin ya fara ne a daminar shekarar da ta biyo bayan 'yancin kai, yana da shekara talatin da ɗaya. Ranar Lahadi ce da hantsi. Kogi ya cika, manyan jiragen da ke zuwa ɗaukar gyaɗa da auduga suna tsaye a gaɓa, shi kuma ya shiga jirgin fito da kekensa da ƙullin goron da zai kai wa Gogo. Babu iska, babu hadari. Ya haye ruwan nan ya fi sau ɗari, kuma ya iya iyo tun yana ƙarami. Suna tsakiyar kogi sai ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi, ta sake bugawa, sannan ta kama gudu kamar ana korarta. Numfashi ya ƙi isarsa. Gumi ya keto masa, yatsunsa suka yi sanyi, mutanen da ke kusa da shi suka yi masa nisa kamar yana hangensu ta cikin ruwa. Abin da ya fi komai tsanani shi ne tabbacin da ya sauko masa cewa yanzun nan zai mutu. Ya damƙe kan keken, ya yi kalmar shahada a ransa, ya jira.

Bai mutu ba. Kafin a gama sauke kaya a ɗaya gaɓar abin ya lafa, ya bar shi da mutuwar jiki kamar wanda ya yini yana huɗa. Da ya isa gida Gogo ta dube shi ta ce, "Hamma, lafiya? Fuskarka ta yi fari."

Ya ce, "Rana ce, Gogo."

Bayan mako uku abin ya dawo masa a masallacin Juma'a, yana tsakiyar sahu, ga mutane gaba da baya, babu hanyar fita. Ya sake dawowa a kasuwa, a layin masu nama. Sai ya roƙi likitan da yake yi wa aiki ya duba shi. Abin da ya gaya masa kawai shi ne ƙirjinsa na bugawa wani lokaci. Likita ya sa abin sauraren ƙirji, ya auna jininsa, ya yi dariya ya ce da kowa na da irin zuciyarsa da an rufe asibiti. Ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ya ce ya huta kwana biyu.

Mutumin da ba ya rage wa kowa magana, tasa ya rage. Bai ambaci tsoron ba. An rene shi a gidan da namiji ba ya cewa yana jin yunwa, balle ya ce yana jin tsoro, kuma tsoron da ba shi da dalili. Ban da wannan, ya sha ganin yadda ake kawo waɗanda aka ce sun taɓu, da igiya a hannu, dangi na tafe a baya suna kauda fuska. Ya san in kalmar nan ta manne wa mutum sau ɗaya, ba ta fita.

Zulaihatu ce kaɗai ta gani. Wata ranar Asabar da azahar ta same shi a bayan ɗaki, ya dafa bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ba komai. Koma ciki."

"Ba zan koma ba. Wata nawa ina ganin abinci na dawowa yadda na kai shi? Ko sallama aka yi da ƙarfi sai ka zabura."

Da numfashinsa ya daidaita sai ya ce, "Wani abu ne ke zuwa mini. Ban san sunansa ba. In ya zo, ji nake raina zai fita. Kada ki gaya wa kowa, ko Gogo."

Ta riƙe masa amana. Ta je wurin wani malami ta ce ɗan'uwanta ne ba shi da lafiya, ta karɓo rubutu da turare. Malamin ya tambayi inda abin ya fara, da ya ji a tsakiyar kogi ne sai ya ce iskar ruwa ce ta shafe shi, ya nisanci kogi har a ga hali. Hamajoɗa ya ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya nuna. Ya daina hayewa, ya kuwa samu sauƙi na ɗan lokaci. Sai ya lura in ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da ƙofar masallaci ma ya fi samun natsuwa, ya koma can. Ya bar wa Zulaihatu aiken kasuwa. Ya daina zuwa ɗaurin aure in ya san za a cika. Kowane wuri ya bari sai ya ji sanyi a ransa, bayan 'yan makonni kuma sai abin ya same shi a wani sabon wuri, shi ma ya bar shi. A cikin shekara uku duniyarsa ta koma gida, asibiti, da hanyar keken da ke tsakaninsu.

Ko a ranakun da abin bai zo ba, ba hutawa yake ba. Yana jiransa. Kafaɗunsa a ɗaure, barci rabi da rabi. In Zulaihatu ta je unguwa ta ɗan jima, kafin ta dawo ya riga ya gama ganin motar da ta buge ta da inda za a binne ta. Goro kuwa ba ya barin bakinsa daga safe har yamma, don yana ganin shi ke riƙe shi a tsaye.

Gogo ta yi ta aike. Yau ya ce aiki, gobe ya ce likita ya hana shi hutu. Yakan aika musu da sukari da sabulu da turmin atamfa, ba ya zuwa.

A shekara ta huɗu, da rani, aka zo da sassafe aka gaya masa Kawu Bobboyi ya rasu, za a yi jana'iza da hantsi. Ya hau keke ya nufi bakin kogi ko karyawa bai yi ba. Ruwa ya janye, fiton ma gajere ne, yana hango mutane a ɗaya gaɓar. Ya tura keken har gaban jirgi, sai ƙafafunsa suka ƙi. Zuciyar ta fara. Ya ja baya ya ce bari wannan ya tafi, zai shiga na gaba. Na gaba ya zo ya tafi. Na uku ma haka. Wani mai kwalekwale da ya san shi ya ce, "Tafinta, zo in haye da kai, ba sai ka jira ba." Ya ɗaga masa hannu kawai. Yana nan tsaye a kan yashi har rana ta take, ya san an riga an binne. Ya juya gida yana tura keken, bai iya hawa ba.

Bayan kwana bakwai saƙon Gogo ya iso ta bakin wata maƙwabciyarta: a gaya masa ba sai ya wahalar da kansa ba, kuma ya daina aiko da kaya. A Girei da Yola magana ta bazu cewa boko ya shiga kansa, ya ga ya fi ƙarfin waɗanda suka goya shi. Bai kare kansa ba. A ganinsa gara a ce masa butulu da a faɗi ɗaya kalmar.

Shekarun yaƙin basasa suka zo. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ranakun da ake sauke masu rauni, jini ko'ina, kowa na gudu, shi ne mafi natsuwa a asibitin. Yakan riƙe hannun soja yana juya masa maganar likita ba tare da muryarsa ta girgiza ba. Sai ranar da komai ya lafa, yana zaune yana shan shayi, abin ya faɗo masa. Da aka ƙirƙiro jihohi, Yola ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas, aka zaɓe shi ya je kwas Maiduguri don a ƙara masa girma. Hanyar sai an haye kogi. Ya ce a ba wani.

Akwai wani nas da suka daɗe tare, Absalom, mutumin wajen Numan, kakkaura mai yawan raha, wanda Hausarsa irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Shi ya taɓa tare shi ya ce, "Malam Hamajoɗa, kai ne ka ƙi Maiduguri? Matana ya ce ko an yi maka asiri ne." Hamajoɗa ya yi murmushi ya wuce.

Shekara guda bayan gama yaƙi aka kawo wani sabon likita, ɗan ƙasar waje, mai furfura a gemu. Kafin ya zo ya yi aiki a inda ake kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa da na damuwa. Ba ya sauri. Sauran likitoci kan sallami mutum goma kafin shi ya gama da uku, har masu jiran layi suka raɗa masa Mai Tambaya.

Wata Talata aka shigo da wata mata mai suna Sabuwa, mai sayar da bandar kifi daga unguwar Jambutu, 'yar kimanin shekara arba'in. Mijinta Lado ne ya kawo ta, kuma shi ya fara magana. Ya ce ciwon zuciya gare ta, an ba ta magani sau uku a nan bai yi ba, yanzu wata biyar ke nan ta ƙi zuwa kasuwa, kifi na lalacewa. Likita ya sa aka ba Lado kujera a waje. Ya auna ta a natse, sannan ya ajiye abin sauraren ƙirji ya fara tambaya, Hamajoɗa na juyawa.

"Bugun zuciyar nan, a hankali yake zuwa ko farat ɗaya?"

Ta ce farat ɗaya.

"Kina aiki mai nauyi in ya zo, ko kina zaune?"

Ta ce ko tana zaune. Ranar farko ma tana ba mai saye canji ne.

"Numfashi fa? Gumi? Jiri? Hannuwa na rawa ko su yi sanyi?"

Ta dubi Hamajoɗa da mamaki ta ce duka, wa ya gaya masa? Hamajoɗa ya juya maganar. Shi kansa ya gane abin da ke damunsa ne take faɗa.

"Yana ɗaukar yini, ko kuwa yana kai ƙarshensa cikin ɗan lokaci ya sauka?"

Ta ce bai kai a dafa shayi a sha ba, amma ita a wurinta kamar shekara.

"In ya zo, me kike ji zai same ki?"

Hamajoɗa bai juya tambayar ba. Ya buɗe baki da Turanci ya ce, "Ji take za ta mutu. Ko kuma hankalinta zai gushe a gaban mutane."

Likita ya ɗago ya dube shi. Can ya ce a hankali, "Ban ji ka tambaye ta ba."

Hamajoɗa ya ba da haƙuri, ya tambaye ta. Sabuwa ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka, ta faɗi kusan abin da ya riga ya faɗa. Aka ci gaba. Ko tana gudun wuraren da abin ya taɓa samunta? Tana gudu. Ko tsoron dawowarsa ya fi shi kansa damunta? Ya fi. Likita ya rubuta, ya yi mata bayani, ya ce ta dawo Talata mai zuwa.

Da aka tashi aiki Hamajoɗa na shirin fita, likita ya ce ya rufe ƙofa ya zauna a bencin marasa lafiya. Shekara goma sha biyar yana aiki a ɗakin nan bai taɓa zama a kai ba.

"Tun yaushe?"

Ya so ya ce bai gane ba. Sai ya ji ya gaji. Ya ce, "Shekara goma."

Ya faɗi komai, tun daga jirgin fito har yashin da ya tsaya a kai ranar jana'iza. Likita bai katse shi ba. Da ya gama, ya tambaya, "Likita, hauka ne?"

"A'a. Ba hauka ba ne, kuma ba ya zama hauka. Amma ba zan ce maka komai ba sai na tabbata ba wani ciwon ne ya ɓuya a bayansa ba."

Kwana uku ana bincike. Likita ya saurari zuciyarsa yana kwance, ya sa shi ya zagaya asibitin da sauri ya sake saurare. Ya lalubi maƙogwaronsa, don ya ce akwai ciwon maƙoƙo da ke sa zuciya gudu da rawar hannu. Ya duba ko jininsa ya yi ƙaranci, ya duba fitsari. Ya tambaye shi goro nawa yake ci a yini, da ya ji sai ya girgiza kai. A rana ta uku ya zaunar da shi.

"Jikinka lafiya lau. Ka taɓa yin kiciɓis da dorina a kogi?"

"Sau ɗaya, ina saurayi."

"Me zuciyarka ta yi?"

Hamajoɗa ya ce, "Abin da take yi yanzu."

"To. An halicci jiki da wannan shiri don mutum ya tsira daga haɗari. Ranar dorina, bugun nan alamar lafiya ce. Ciwon shi ne shirin ya tashi babu dorina. Mutum ya ji zuciyarsa na gudu, ya tsorata da gudun, tsoron ya ƙara mata gudu. Yana da azaba, amma ba ya kisa, kuma da kansa yake sauka. Kowa na shiga damuwa. Muna kiranta ciwo ne in ta fi ƙarfin dalilinta, ta ɗauki watanni, ta raba mutum da aikinsa ko da danginsa. Kai ta raba ka da naka. Ba raunin imani ba ne, ba ragwanci ba ne. Na gan shi a jikin sojoji da malamai da 'yan kasuwa a ƙasa uku."

Sannan ya tambaye shi yadda za su riƙa faɗa wa mutane da Hausa. Hamajoɗa ya daɗe yana tunani, aikinsa ne. Ya ce ba tsoro ba ne kawai, don mai tsoro ya san abin da yake tsoro. Ya ce faɗuwar gaba ta yi kusa, amma ita sau ɗaya take. Daga ƙarshe ya ce, "Ciwon fargaba."

Magani bai zo da sauƙi ba. Likita ya ba shi wasu ƙwayoyi na 'yan makonni, ya gargaɗe shi kada ya saba da su. Ya ce ya rage goro da shayi mai kauri. Ya koya masa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali in abin ya taso. Babban abin kuwa shi ne wanda Hamajoɗa ya fi ƙi: ya koma wuraren da ya gudu daga gare su, kaɗan-kaɗan, kuma in abin ya zo kada ya fita sai abin ya sauka da kansa. Likita ya ce gudun ne ke ciyar da shi. Ya ce ya nemi mutum ɗaya da zai riƙa raka shi.

Ya gaya wa Absalom. Wannan karon Absalom bai yi raha ba. Ya ce, "Shekara goma muna cin abinci kwano ɗaya, Malam. Ni ma nas ne, ban gani ba. Ka yafe mini."

Suka fara bayan la'asar. Makon farko zama kawai suke a bakin kogi suna kallon masu fito. Mako na biyu ya shiga kwalekwalen da ke ɗaure, ya zauna. Abin ya zo masa da dukan ƙarfinsa, ya miƙe zai fita, Absalom ya dafa gwiwarsa ya ce, "Zauna. Ina nan. Ja numfashi." Ya zauna yana rawa, hawaye na zuba, masunta na kallonsa. Bayan ɗan lokaci abin ya sauka, kamar yadda likita ya ce. Washegari Hamajoɗa ya ƙi komawa bakin kogin, kwana na gaba ma haka. Zulaihatu ce ta ɗauko masa hularsa a rana ta uku ta ce, "Malam, abokinka na zaure." A masallaci ya matsa sahu ɗaya gaba, bayan wata guda ya ƙara ɗaya. Sai da suka yi wata huɗu kafin ya yarda a kai shi tsakiyar ruwa a dawo.

Da ranin shekarar da ta biyo ya haye. Ya sami Gogo zaune a inuwar ɗakinta, ta tsufa, idanunta sun yi hazo. Ya yi sallama ya durƙusa nesa kaɗan. Ta gane muryar.

"Wa nake ji kamar Hamma?"

"Ni ne, Gogo."

Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, kamar ta baƙo. Ya ce yana da magana, in ta ji ta ga dama ta kore shi. Ya faɗa mata duka da Fillanci, har da jirage ukun da suka tafi suka bar shi. Ta murza bakin zanenta.

"Ranar da na ce fuskarka ta yi fari, ka ce rana ce."

"Ita ce ranar farko."

"Me ya hana ka faɗa? Ni na yi maka wanka, ni na share maka majina."

"Kunya, Gogo."

"Kunya." Ta girgiza kai. "Kawunka ya yi wata biyu a kwance. Duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago. Bai taɓa zaginka ba, cewa yake aikin asibiti ba ya barin mutum. Ni ce na zage ka." Ta share ido. "Na yafe nawa. Nasa kuwa, tashi a nuna maka inda yake, ka je ka yi masa addu'a."

Ya je. Daga ranar ya koma hayewa duk mako biyu har Gogo ta rasu bayan shekara uku, kuma shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta.

Sabuwa kuwa ba ta dawo Talatar da aka ce ba, ba ta dawo ta gaba ba. Abin ya tsaya wa Hamajoɗa a rai. Bayan ya samu kansa, ya hau keke ya tafi Jambutu yana tambayar gidan Lado. Lado ya karɓe shi a zaure ba yabo ba fallasa. Ya ce likitan da zai ce wa mace lafiyarta ƙalau alhali tana faɗuwa, ba likita ba ne. Sun yi maganin gida sun gaji. Yanzu ko tsakar gida ba ta fitowa sai dole, dangi sun fara cewa a mayar da ita ƙauye.

Hamajoɗa ya ce, "Malam Lado, ba likita ne ya aiko ni ba. Abin da ke damun maiɗakinka shi ke damuna. Shekara goma na yi da shi."

Lado ya dube shi sama da ƙasa, ga kaki, ga agogo. Ya ce, "Kai?"

"Ni."

Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, tana ciki bayan labule, Lado na gefe. Ya ba ta labarin kwalekwalen da ke ɗaure. Ta saurara, daga ƙarshe ta ce, "Malam, kai namiji ne, kuma ɗan boko. Ni ba zan iya ba." Ya ce shi ma haka ya ce. Mako na gaba ya zo da Zulaihatu, don ya ga maganar mata ta fi shiga tsakaninsu. Zulaihatu ta riƙa zuwa duk Alhamis, ta kama hannunta su taka zuwa bakin murhu, daga baya zuwa zaure, daga baya ƙofar gida. Sun kai ta asibiti sau biyu kafin kwantiragin likitan ya ƙare ya koma ƙasarsu. Sabuwa ta kai ga zuwa rijiyar unguwa da gidajen suna na kusa. Kasuwa kam ba ta sake komawa ba, 'yarta ce ta gaji sana'ar. Amma ba a kai ta ƙauye ba, a ɗakinta ta tsufa.

Likitocin da suka biyo baya ba duka ke da haƙurin tambaya ba. Hamajoɗa bai canja halinsa na juya magana yadda aka faɗe ta ba, sai dai in ya ji mai ciwo ya ce ƙirjinsa na bugawa, an auna ba a ga komai ba, yakan ce wa likita cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ko in tambaye shi abin da yake ji zai same shi in abin ya zo?" Wasu su yarda, wasu su ce layi ya yi tsawo. Waɗanda aka sallama haka yakan bi su har gindin bishiyar da ake ajiye kekuna, ya yi musu magana ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye aiki a shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Gabas. Bai warke sarai ba. Sau biyu ko uku a shekara abin kan ziyarce shi, wani lokaci yana tsakiyar cin abinci. Sai ya ajiye cokali ya ce wa Zulaihatu, "Ya zo." Ita kuma ta bar abin da take yi ta zo ta zauna kusa da shi har abin ya sauka, ya ƙarasa abincinsa. Ya rasu a gidansa na Luggere yana da shekara sittin da ɗaya, bayan gajeriyar jinyar ciwon ciki. Allah ya jiƙansa.